Bencunan Ƙarfe da Na Sayo wa Unguwa

Ni mutum ne mai taurin kai, wannan ko matata ba ta ɓoye wa kowa. Shekarar da jama'ar unguwarmu ta Nombakélé suka yi karo-karo don a sa bencuna a filin gaban masallaci, ni aka damƙa wa sayen. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, kuma kowa ya san ba a cin ribata a ciniki. Ni ma haka nake ganin kaina.

Filin na kowa ne. Masu jiran taksi suna tsayawa a nan, matan Gabon suna sauke kwandunansu su huta. Amma gaskiyar magana, don mutum ɗaya muka tashi yin abin: dattijon unguwar, Bamaraɗe, wanda ya riga iyayen yawancinmu zuwa Libreville. Shi ke raba mu in mun yi faɗa, shi ke saukar da baƙo. Gwiwoyinsa sun daina yarda da tabarma, ya fara zaman gida, filin ya zama babu daɗi.

Bayan na ji farashin wani mai walda, na je wurin wani kafinta a wata unguwar garin nan da ake kira London, Kirista ne ɗan Jos, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ji abin da ke hannuna, ya ce zai yi mini benci biyu da jan katakon nan mai nauyi da ake kira paduk.

Na ce, "Biyu? Haba maigida! Mai walda ya ce shida zai ba ni, na ƙarfe, har da fenti."

Ya ce, "Alhaji, nan ba gida ba ne. Iskar tekun nan gishiri ce. Ƙarfen bututu ba ya damina uku a waje."

Na yi masa dariya, Allah ya yafe mini. Inda na tashi, katako abincin gara ne. Ƙofar gidanmu ta itace sau biyu mahaifina yana sake ta, ranar da ya sa ta ƙarfe kuwa har maƙwabta suka zo gani. A wurinmu in an ce ƙarfe, an gama magana. Shekara da shekaru ina ganin kwanon rufin garin nan yana komawa ja, amma ban taɓa kawo wa raina benci ma haka zai yi ba. Na ce wa kafintan kasuwarsa yake karewa. Bai yi fushi ba, ya ce Allah ya sa alheri.

Aka kawo bencuna shida, kore shar. Kai, ranar na sha yabo! Dattijo ya fito da sandarsa ya zauna, ya bubbuga benci ya sa mini albarka. Daga nan kullum bayan la'asar yana nan, fili ya dawo da ransa.

Damina ta farko fenti ya fara kumbura. Na sayo gwangwani na shafe da kaina, ban gaya wa kowa ba. Ta biyu, duk wanda ya zauna da farin kaya sai ya tashi da jan layi a baya. Mutane suna yi mini ba'a, suna cewa na sayo musu benci mai rini. Ina dariya, amma na riga na duƙa na ga ƙafafun, na ga yadda tsatsa ke cin su daga ƙasa. Na yi shiru saboda girman kai, wannan shi ne laifina na gaske.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, dattijo ya zauna a wurinsa, ƙafar benci ta lanƙwashe. Ya tafi ƙasa ta gefe, ya tokare da hannu, tsinin ƙarfe ya yanke masa tafi. Ina tsaye ina kallo. Ban san lokacin da na yi kansa ina salati ba. Aka kai shi asibiti, aka yi ɗinki da allura. Kwana uku abinci bai wuce mini ba.

Da ya samu sauƙi aka kira taro a filin, an ɗauko masa kujera daga gida. Na zo a shirye in sha zagi, kuma na san na cancanta. Wani mai sayar da takalma ya tashi ya ce an ba ni amana na bi araha, ya kamata in biya, kuma kada a sake sa ni a sha'anin jama'a. Wasu suka ce ƙwarai. Kaina yana ƙasa.

Dattijo ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Wanda bai ga tsatsar nan ba tun bara, ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya motsa.

Ya ce, "To ni ma na gani, kuma a kai nake zama kullum. Dukanmu muka yi shiru. Yanzu za mu sake haɗawa, kuma shi ɗin nan da ya sayo na farko shi zai sayo, don duk cikinku babu wanda zai duba ƙafar benci kamarsa."

Wallahi sai da hawaye suka zubo mini, ni da furfura a gemu. Ban taɓa jin godiya irin ta ranar ba, kuma har yau ban san yadda zan faɗe ta ba. Mai takalma ya buɗe baki zai ƙara magana, dattijo bai ko dube shi ba. Ya miƙo mini hannunsa mai lafiya a gaban kowa, ya ce, "Zo, ɗana, tashe ni. Kai za ka raka ni gida."