Autarmu da Kafson Inna

Autarmu dai Allah ya yi ta da taurin kai, shi ya kai ta har ta gama karatun lafiyar dabbobi, ta samu aiki a asibitin dabbobi. Masu manyan gonaki layi suke yi a gabanta. Amma a gida, inda Inna ta shekara ashirin tana kiwon kaji, ko kallo ba ta ishe ta ba.

Zubi biyu a jere zawo ya share wa Inna 'yan tsaki. Ta kawo na uku, ta rantse in suka mutu ta bar kiwo har abada. Auta kuwa ta san in babu kaji, Inna zaman tagumi za ta yi.

Ta zaunar da ita. "Inna, a hanjin tsako akwai ƙwayoyi masu amfani. Su ke cika wurin, mugaye su rasa wajen zama. Kafson nan da kike barbaɗa musu kullum, na kirkin yake fara kashewa." Ta ciro wani farin gari a leda, ta ce na kirkin ne a ciki, a dama a ruwan shansu.

"Oh ni! Na tura ki koyo kashe cuta, kin dawo min da ita a leda?"

Da ƙyar ta yarda. Kwana huɗu, bakwai suka mutu. Auta ta ɗauki mazubin ruwan, sai ga jan ɓawon kafso yana yawo a kai.

"Inna!"

"Guda biyu kacal na sa, don garin naki ya ƙara ƙarfi."

Auta ta dafe kai. Ta samo katako ta raba akurkin biyu, ta ƙarƙame nata ɓangaren da kwaɗo, makullin a wuyanta har wajen aiki. Inna ta bi maƙwabta tana faɗin 'yar da ta goya ta kulle mata kaji.

Sati uku, na Auta sun yi ɓul-ɓul, ɗaya tak ta rasa. Na Inna saura tara, duk a takure.

Ranar Inna ta tsaya jikin katakon, ta kau da kai. "Likita, garin nan naki, a sam wa nawa cokali ɗaya mana."

Auta ta miƙa hannu. "Kawo jakar kafson tukuna. Har da na cikin ɗankwali."