Ranar da Tukunyar Ɗanjuma Ta Yi Iyo

Ɗanjuma ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife mu, gida ɗaya. Na riga shi zuwa duniya, na riga shi yin hankali, kuma har yau bai cim mini ba.

Sana'arsa girki. Idan Hajji ya zo, a Arfa yake yini gaban wuta yana dafa wa alhazai shinkafa, sauran watanni kuma ya bi gidajen biki da suna daga unguwar Zahir zuwa unguwarmu. Hannunsa na da daɗi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ba da girkin aka san shi ba, da tukunya aka san shi. Gadon mahaifinsa ce, ƙatuwa, maza uku za su zauna a ciki su sha shayi ba wanda gwiwarsa ta taɓa ta wani. Ni na raɗa mata suna Hajiya Babba, domin ta fi kowa a danginmu tsayuwar Arfa.

Ɗanjuma zai ara maka motarsa, zai cire rigar jikinsa ya ba ka, amma ba ya ara tukunya. Lokacin auren 'yata Raihana na roƙe shi, mu mata muna so mu yi girkinmu da kanmu. Ya ce mata ba su iya juya ludayi ba, kankare gindin tukunya suke yi. Na ajiye maganar a inda nake ajiye irinta.

Da ya ɗan samu, sai ya sayi fili a bayan gari, wajen hanyar Arfa, a cikin wani kwari. Kowa ya ce masa hanyar ruwa ce. Ya ce sau nawa ake ruwa a Makka? Ya gina ɗaki biyu da rumfa, yana ce wa wurin istiraha, wato gidan hutawa. Ko yayyafi aka yi sai ruwa ya kwanta a ƙofar, shi ya sa ni nake ce masa Gidan Tafki. A can ya kulle Hajiya Babba, bayan ƙofar ƙarfe. Maƙwabcinsa guda ne, Abdulganiyyu, wani siririn tsoho mai kiwon awaki. Shi ma ya taɓa neman aron tukunyar don sunan jikansa, aka hana shi, tun daga nan gaisuwarsu ba ta wuce sallama.

Sai ga hadarin bara. Iska ta tuge allunan kan titi, ruwa ya gangaro daga duwatsu, ambaliyar ta kwashi motoci kamar takalman yara. Da gari ya waye na ji Ɗanjuma yana fama da tsohuwar motarsa a ƙasan tagata. Na zura abaya na sauka na shige gaba.

"Ina za ki, Yaya Yalwa?"

"Dubiya. Na ji Hajiya Babba ta kwana a ruwa."

Haka muka kama hanya. Addu'a yake ta yi, na kasa kunne, ban ji ya ambaci gidan ba ko sau ɗaya.

Tafkin kuwa ya tabbata. Kwarin ya cika fal da ruwa ja, gidan na tsaye a bakinsa kamar da gangan aka gina shi don shan iska. Mutanen Makka kuma kun san mu da ruwa: har iyalai sun fito, sun shimfiɗa darduma a kan tudu, da shayinsu da wayoyinsu. Muka taka laka muka shiga. Rumfa ta tafi. Ƙofar ƙarfe na rataye a gefe guda. Ɗakin babu komai sai taɓo da takalmin wani.

Ɗanjuma ya durƙusa a cikin taɓon da farar rigarsa. Har na fara jin tausayinsa, abin da ban saba ba. Sai na lura duk wayoyin da ke kan tudu waje ɗaya suke kallo.

"Tashi, ɗan kawu. Ga ta can tana yawon buɗe ido."

A tsakiyar tafkin Hajiya Babba ke juyawa a hankali. A cikinta Abdulganiyyu ne zaune, ya rungume akuya ɗaya, ɗaya kuma ta ɗora haɓa a bakin tukunyar tana kallon jama'a. Ashe a garkensa ruwan ya same shi, ya ga tukunya ta fito tana wucewa, ya jefa abin da ya iya ɗauka ya bi bayansu. An kira masu ceto, suna can suna fama da cikin gari.

"Ɗanjuma, ka taimake ni, ban iya iyo ba," in ji tsohon.

"Kada ka motsa, Abdulganiyyu. Za ka lotsa mata gindi."

"Ni nake mutuwa, kai kana zancen gindi?"

"Kuma ka cire takalminka."

Ɗanjuma ɗan Makka ne tsantsa, ruwan da ya fi zurfi a rayuwarsa shi ne na bokitin wanka. Amma sai ga shi ya tattare riga, ya yi kalmar shahada, ya shiga. Ya yi ta tafiya muna jiran ya nutse. Ruwan a ƙugunsa ya tsaya. Haka ya turo su har gaɓa, mutanen tudu na tafi, suna cewa ga gwarzon da ya ceci maƙwabcinsa. Gwarzon bai ko kalli maƙwabcin ba, shafa gefen tukunya yake yana neman rauni.

Ni kuwa cikinta na leƙa. Awaki biyu da suka tsorata tun asuba, ba sai na yi muku bayanin abin da suka bari ba.

"Zan wanke ta sau bakwai," ya ce da ni ƙasa-ƙasa.

"Wanke ta sau saba'in. Waɗancan masu hoto ba su san tukunyar wa ba ce. Ni na sani. Na kuma san matan Utaibiyya gida-gida, da waɗanda ke shirin kiran ka biki."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ina ji. Bakina ne ba ya ji. Amma in yana da aikin yi yakan manta da magana. Ga auren jikata Hadil na tafe."

Ya dube ni, ya dubi awakin, ya ce, "Da ludayin katako."

Ranar bikin mu muka yi girkinmu, mata zalla. Ɗanjuma ya yini a bayan ƙofa yana kasa kunne, duk sanda ludayi ya taɓa gindi sai mu ji ya yi tari. Naman kuwa gudummawar Abdulganiyyu ce. Da kansa ya jawo akuyar nan mai ɗora haɓa, ya ce ta riga ta san wurin.