Gyaɗar Aljihun Baba Tsoho

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa ana soya ta a cikin yashi sai na ja na tsaya, ko da sauri nake yi. Jiya ma haka ta faru da ni a bakin titi, har mai gyaɗar ta ɗauka ciniki zan yi. Ni kuwa ba ita nake kallo ba. Na koma gidanmu na unguwar Kongo-Rasha ne a Jos, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina 'yar firamare, ina jiran kakana ya sa hannu a aljihu.

Baba Tsoho muke ce masa, shi ya haifi babanmu. Tun yana saurayi ya zo Bukuru aikin kuza, ya haƙa ramin da ya haƙa, da ƙarfi ya ja baya ya dawo cikin gari ya zauna. To amma zama a wajensa suna ne kawai. Gari na wayewa, ko sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi ake yi, zai zura kwat ɗinsa a kan riga ya fita. Da ƙafa yake zuwa kasuwa ya zaɓo gyaɗa da kansa, don a cewarsa duk gidan ba wanda ya san gyaɗa sai shi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita ke soya masa. Da la'asar ya cika aljihu ya tafi ƙofar wani tela, inda tsofaffin abokan aikinsa ke zama a kan benci, suna ɓara suna tauna suna musu a kan abin da ya wuce tun ba a haife mu ba.

Ba na tuna na taɓa ganin alewa a hannunsa. Gyaɗa ce, sai aya, sai atili in lokacinsa ya yi. Duk yaron da ya gaishe shi a hanya sai ya samu rabonsa. Ni kuwa amaryarsa ce, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu, saboda haka tawa a ɓare yake ba ni, ya murza ta a tafin hannu ya hure jan ɓawon tukuna.

Wata damina aka samu matsala. Haƙoransa da ma sun daɗe suna yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, saura na tauna guda biyu da yake lallaɓawa. Yana zaune a ƙofar telan ya ciji wata busasshiyar aya, ɗayan ya tsage. Kumatu ya kumbura, aka kai shi asibiti, aka cire har da ɗan'uwan. Ciwon bai daɗe ba ya warke. Abin da bai warke ba shi ne dariyar da abokansa suka yi masa ranar da ya koma, ya jefa gyaɗa a baki ta yi ta yawo a kan dasashi ta ƙi fashewa. Wasa suke yi, wallahi ba da mugunta ba, don rabinsu ma wawulo gare su. Amma shi ya ji abin har zuci. Ya dawo gida ya rataye kwat ɗin a ƙusa, bai sake fita ba.

Babanmu direban babbar mota ne, yana lodin tumatir da kabeji da dankalin Turawa daga Farin Gada zuwa Kudu. Shekarun nan hannunsa ya ɗan buɗe, kuma Allah ya sani yana son mahaifinsa. Da ya dawo ya tarar da shi a ɗaki sai ya ce ai gara ma haka, tsoho ya sha wahala a ramin kuza, yanzu lokacin hutu ne. Ya saya masa kujera mai hannu. Ya ce kullum a kawo masa biskit da madarar gwangwani da lemon kwalba, abin da ba ya bukatar haƙori. A lokacin wannan shi ne gata. Mu yara har kishin tsohon muke yi, muna leƙen kofin ko zai rage.

Haka aka yi ta tafiya, biskit a jiƙa a shayi mai zaƙi da safe, a jiƙa da rana, a jiƙa da yamma. Tuwon ma ya daina ci sosai, sai ya ce a ƙoshe yake. Kafin damina ta fita mutumin nan ya canza. Ciki ya fito, ƙafafu suka yi nauyi, barci ba dare ba rana. Sallar da yake yi a masallaci ta dawo ɗaki, daga baya ta dawo a zaune. In na tsokane shi na ce ango ya tsufa zan nemi wani, sai ya ɗan murmusa kawai, ba ya ramawa. Abin nan ya tsorata ni ƙwarai. Na taɓa jin Iya tana gaya wa innarmu a madafi, murya ƙasa-ƙasa, cewa in Malam bai tashi daga kujerar nan ba kafin sanyi ya shigo, to daga kanta za a ɗauke shi.

Ni ake aika sayen biskit ɗin. A bakin layinmu akwai shagon wata 'yar ƙabilar Ibo da muke kira Maman shago, mace mai jiki da faɗa da kyauta. Hausarta kowa “ka” ne, mace ko namiji. Wata safiya na miƙa mata kuɗi, sai ta ƙi karɓa. Ta tambaye ni ina Baba, me ya sa ya daina wucewa yana ba yaranta gyaɗa, kuma wa ke cinye duk biskit ɗin nan da nake ɗiba. Na gaya mata komai. Ta tafa hannu ta yi wata magana da yarensu.

“Ka koma gida,” in ji ta. “Yau ba na sayarwa. Wannan abincin yara ne, ba na mutumin da ya fasa dutse ba.”

Na koma ina ƙunƙuni. Can da hantsi sai ga ta ta yi sallama, ta bar shago a hannun ɗanta, riƙe da ƙaramin kwano a rufe da yalo a gefen zane. Ta durƙusa ta gaishe da Baba Tsoho, ta buɗe kwanon. Ta ce a garinsu wannan ake ba tsofaffi da manyan baƙi, kakarta ba haƙori ko ɗaya a bakinta amma da shi take zuwa gona. Tsohon ya dubi abin a ɗarare, ya dubi Iya. Iya ta lakata ta ɗanɗana, sai ta riƙe haɓa. Ashe gyaɗa ce soyayyiya aka niƙa lukui da barkono da ɗan gishiri. Irin wadda ita kanta take niƙawa duk mako in za ta matse mai ta yi ƙuliƙuli, bai taɓa zuwa mata a rai a ci ta haka ba.

Aka kankare yalon aka yanka masa siriri-siriri, ya dangwala ya kai baki. Barkonon Maman shago ba na wasa ba ne. Ya yi tari, hawaye suka zubo, ya nemi ruwa, sannan ya ce wannan mata kashe shi ta zo yi. Ya sake dangwalawa. Sai da ya suɗe kwanon tas.

Daga ranar Iya ta karɓi aikin, ta rage barkono ta ƙara citta. Amma Iya ba a nan ta tsaya ba, don ta san mijinta. Ta aika aka sayo mata gyaɗa mafi muni a kasuwa, ƙanana masu ɗaci, ta soya ta niƙa ta kai masa. Ya ɗanɗana ya ɓata fuska. Washegari ma haka. Ya fara faɗa, faɗan da muka yi kewarsa, yana cewa duk gidan nan an rasa mai ido. Iya tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce:

“To Malam, mu iyakar saninmu ke nan. Mai ido ai yana kan kujera.”

Da safe muka ga kwat ɗin ba ya jikin ƙusa. Ranar bai wuce shagon Maman shago ba, ya zauna a kan akwatin lemo yana haki, ta yi ta yi masa tsiya. Bayan 'yan kwanaki ya kai masallaci. Sannu a hankali, yana dogara sanda, ya kai kasuwa. Ya koma bencin telan da ɗan gwangwani a aljihu ɗaya, tasa niƙaƙƙiya a ciki, ɗaya aljihun kuma gyaɗa mai ɓawo ta yara. Kafin wani lokaci masu yi masa dariya su ma kowa ya zo da gwangwaninsa.

Babanmu yana Kudu duk aka yi wannan. Shi ya ba mu labari da bakinsa: yana shigowa gari da mota ya hango wani tsoho a gefen titi da ƙullin gyaɗa a kafaɗa, sai da ya matso ya gane ubansa ne. Ya taka birki ya sauko a fusace, yana tambayar wa ya bar shi ya fito, ya ce ya shiga ya kai shi gida. Baba Tsoho ya ƙi. Ya sa hannu a aljihu ya damƙo gyaɗa ya zuba masa a tafi, kamar yadda yake yi wa yaran layi.

“Allah ya yi maka albarka, ka yi min gata,” ya ce. “Amma bar ni in taka.”

Babanmu ya ce ya koma cikin mota ya daɗe bai iya tayar da ita ba.

Ni ba likita ba ce. Ban san ko gyaɗar ce ta tashe shi ba, ko barin zaƙin, ko tafiyar, ko hirar benci. Kwana kuma na Allah ne. Abin da na sani, da ƙafarsa ya raka ni ƙofa ranar da za a kai ni gidan miji, shekaru da yawa bayan wannan damina. Ina gode wa Allah, ina gode wa Iya, ina kuma gode wa matar nan da ta ƙi cinikin da ya zo mata har ƙofa. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba.

Yanzu ga ni na kusa sittin, an cire min haƙoran tauna biyu, likita kuma ya ce in yi hankali da zaƙi, in kwaɗayi ya taso in nemi 'yar gyaɗa. Shagunan layinmu sun cika da abubuwa cikin leda masu ƙyalli, jikokina ba su san atili ba sai na nuna musu. Makon jiya babban ɗana ya zo da kwalin biskit da lemo, ya ce Mama ki zauna ki huta, kin sha wahala. Na dube shi, fuskar babanmu sak. Na sa masa albarka har cikin raina. Da ya tafi na ɗauki mayafina na fita kasuwa da ƙafa, don duk gidan nan ba wanda ya san gyaɗa sai ni.