Yadda Na Karkato Tseren Keke Zuwa Ƙofar Iya

Da sassafe ina tsugune da kwanon toka, ina share kibiyar da ƙungiyar samarinmu ta zana wa masu tseren keke, ina zana tawa.

Tasu ta nufi bayan dutse. Tawa kuwa ta miƙe ƙofar Iya, kakata, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Kwana uku tana mita wai kowa zai ga tsere ban da ita.

Na shimfiɗa mata tabarma a waje. Can sai ga kekuna sun ratso gonakin gero a guje, kaji na tashi sama, Iya na rangaɗa guɗa!

Sabi'u, shugaban samari, ya diro yana huci: "Wane ja'iri ne ya taɓa mana alama?"

Na ɓoye hannuna, fari fat da toka.

Iya ta ce, "Angona ne, ni na sa shi. Kai Sabi'u, ni na yanke maka cibiya. Taɓa shi mu gani!"

Ya sosa ƙeya. "Allah ya huci zuciyarki, Iya. Baɗi ma ta nan za mu bi."

Har yanzu labarin take ba kowa. Jama'a, tsakani da Allah, bulala na cancanta ko tukwici?