Ƙwaryar Gero a Reshen Goba

Har yau in na ji kukan kurciya da hantsi sai gabana ya faɗi. Mutane na cewa kukanta yana sa nutsuwa. Ni dai ba ya sa mini, kuma na san dalili.

A hannun kakata na tashi, a wani tsohon gida cikin lungun Ƙofar Dumi. Dada muke ce mata. Mahaifiyata, Rakiya, ita ce 'yarta ta fari, ta rasu ina da wata bakwai a duniya. Ban san fuskarta ba, hotonta ma ɗaya ne, shi ɗin ma ruwa ya cinye rabinsa. Abin da na sani nata ƙwarya ce. A bayan ɗakin Dada akwai bishiyar goba, a reshenta aka rataye 'yar ƙwarya da igiya. Kullum bayan sallar asuba Dada za ta zuba gero tafi biyu a cikinta, ta cika kaskon ruwa a gindin bishiyar, ta ce, "Allah Ka kai ladan kabarin Rakiya." Kafin rana ta ɗaga kurciyoyi sun sauko, ƙananan tsuntsaye na biye da su, bayan ɗakin ya kaure da hayaniya.

A hankalina na 'yar shekara takwas, duk ƙwayar da tsuntsu ya haɗiye tana tashi sama tare da shi har ta isa wurin uwata. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na tsara abina, na kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari.

To, sai ga kurege. Bayan katangarmu kango ne, a can yake da rami. Kai, ban taɓa ganin marar kunya irinsa ba! Zai hau katanga, ya daka tsalle cikin ƙwaryar, ya watsa tsuntsaye, ya cika kumatu, ya zauna yana kallona yana kaɗa wutsiya. Shi kuwa ba ya tashi sama, cikin ƙasa yake shigewa. Ke nan duk abin da ya ci uwata ta yi asararsa. Wallahi na tsani dabbar nan har cikin raina.

Dada ta yi dabaru. Ta matsar da ƙwaryar nesa da katanga, ya bi ta reshe. Ta huda tsohon murfin tukunya ta zura a igiyar don ya zame, ya zame sau biyu, a na uku ya gane. Daga ƙarshe ta daka barkono ta cakuɗa da geron.

"Dada, tsuntsayen fa?" na tambaye ta.

"Tsuntsu ba ya jin yaji, ƙawata. Mai gashin baki ne zai ji a jikinsa."

Haka kuwa aka yi. Washegari muka ga kurege yana atishawa yana goge hanci da hannu biyu, Dada ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Amma ko mako ba a yi ba na sake ganinsa a kan katanga, kumatu cike, yana ta tauna. Na ce a raina shi ke nan, ya saba da yajin.

A cikin kwanakin ne Dada ta yi mana wata tatsuniya. Al'adarta ce, in an gama tuwo bayan magariba, kafin a kira isha'i, ta jawo kujerarta kusa da murhu inda garwashi bai gama mutuwa ba, mu zagaye ta, ni da 'ya'yan Kawu. Ba ta buɗewa yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafarta, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce, "Ga tabarma, ta zauna!"

Ta ce an yi wata tsohuwa mai baza hatsi a tsakar gida don tsuntsaye, har gidanta ya fi kowane gida a garin daɗin safiya. Sai kurege ya fara zuwa yana ɗiba. Tsohuwa ta ji haushi, ta samo kare. Kare ya kori kurege, ya haɗa da rabin tsuntsayen. Kurege ya haƙo rami ta ƙasa, tsohuwa ta daɓe tsakar gidan. Ya biyo ta katanga, ta ƙara mata tsawo. Ya diro ta bishiya, ta sare bishiyar, tsuntsaye suka rasa wurin sauka. Da ta ga har yanzu yana leƙe, sai ta kife hatsin da babban masaki ta zauna a kai.

Nan Dada ta rage murya, ta tona garwashi da tsinke. "Ta ci nasara fa. Hatsinta na nan cif, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Sai dai gari ya waye, ta kasa kunne, shiru. Ta zauna a kan masakinta har ƙwari suka cinye hatsin daga ciki. Nan tatsuniya ta naɗe tabarmarta, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya sani."

Ni ko me na ce? Na ce, "Da ni ce, kashe kuregen zan yi, a huta."

Dada ta dungure mini kai. "Ji ta! Ke da ko kaza ba kya iya kamawa."

Da ma ta kalli idona a daren nan. A saman ƙofar ɗakin ajiya akwai ƙullin maganin ɓera da aka saya wurin mai talla, na daɗe da sanin yana nan. Lissafina mai sauƙi ne: barkono ya kama kurege ya bar tsuntsu, to wannan ma haka zai yi, tunda na masu haƙori ne. Da asuba, Dada na zuba gero ta koma ɗaki lazimi, na taka turmi na juye ƙullin cikin ƙwaryar, na motsa da tsinke. Na wanke hannu na tafi makaranta ina jin na yi wa uwata aiki.

Da na dawo da azahar ban ji komai ba tun daga zaure. Na zagaya bayan ɗaki. Dada na durƙushe a gindin goba, ta shimfiɗa tsohon zane, tana jera matattun tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya. Kurciya bakwai. Ƙananan ban iya ƙirga su ba. Ɗaya na bakin kasko, kanta cikin ruwa. A kan katanga kuwa ga kurege, lafiyarsa ƙalau.

Ban jira tambaya ba, na fashe da kuka na faɗi komai, har da maganar tashi sama da shiga ƙasa. Na so ta doke ni. Wallahi da ta doke ni da na fi samun sauƙi. Sai ta kama hannuna ta kai ni ƙarshen katanga, ta nuna mini wani ɗan gurbi cike da ɓawon gyaɗa.

"Tun ranar barkono bai ƙara shiga ƙwaryar ba," ta ce. "Ni nake ajiye masa nasa a nan. Wa ya ce miki abin da kurege ya ci ba ya isa wurin Rakiya? Shi ba da yunwa yake zuwa ba?"

Muka binne su a gindin gobar. Dada ta ƙona ƙwaryar ta rataya sabuwa. Kullum ta zuba gero ta yi addu'arta, kullum da yamma ta sauke shi kusan yadda ta zuba. Ƙananan tsuntsaye sun ɗan dawo daga baya, kurciya kam ko ɗaya. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma ina ganinta da hantsi ta dakata da tsintar shinkafa, ta karkata kai wajen bayan ɗaki, ta jima, sannan ta ci gaba. Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai ke jin uwata a cikin hayaniyar nan ba. Ni ban san Rakiya ba, ita kuwa ita ta haife ta. Wata biyar ana haka, da damina ta kama, sai Dada ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan ta kurege ce. Sai da na girma na ga ta mai gadi ce, wanda son abu ke sa shi ya matse shi har ya mutu a hannunsa. Na kama kaina a kan masakin nan ba sau ɗaya ba, a zaman aure da kuma renon 'ya'ya, kuma duk sanda na kama kaina sai in tuna zanen da aka shimfiɗa a gindin goba.

Yanzu a Tirwun nake, bayan gidanmu gonaki ne, kuregu kuwa sai wanda ya gani. Na rataya ƙwarya, ina cakuɗa barkono, ina ajiye gyaɗa a gindin katanga. Rannan 'yata ta ce, "Umma, ɓarawon ma sai an ba shi?" Na ce mata e, shi ake fara ba wa. Addu'ar ce kawai ta ƙaru da suna ɗaya. Kurciyoyi na zuwa, wani lokaci har goma sha, su cika bayan gidan da kuka. Ina tsayawa in saurara har su gama, don wadda ta yi wata biyar tana kasa kunne ba ta ji su ba.