Jimla ta Bakwai

Yayana mai gyaran rediyo ne, ko kuma in ce da can shi ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani ɗan shago da bai wuce faɗin tabarma biyu ba, tsakanin mai aski da mai faci, kansa a sunkuye cikin hayaƙin dalma. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa rediyo sai ya kara ta a kunne, ya ɗan girgiza, ya ce ka dawo jibi, kuma in ka dawo jibin za ka same ta tana magana. Daga aji shida ya bar makaranta, shekarar da mahaifinmu ya rasu, lokacin ina goye. A kan kekensa na yi firamare, yana kai ni yana ɗauko ni. Ni na zama malamin Turanci, shi ya tsufa da sukundireba a aljihu. Auta yake ce mini, har bayan na fara furfura.

Da waya ta shiga hannun kowa sai rediyo ta zama kayan tarihi. Shago ya mutu, matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a nesa. Na ce ya dawo ɗakin bayan gidana. Da zuciya ɗaya na faɗa, amma ba zan ɓoye ba, daga baya na riƙa jin kaina kamar wani mai taimakon al'umma. Ya tare da katifa, da akwatin kayan aiki, da tsohuwar rediyon mahaifinmu wadda kullum hanjinta ke baje a kan tebur.

Ina da wani hali a koyarwa da nake taƙama da shi. Ba na son misalan littafi, na mutanen da ba wanda ya taɓa gani. Daga gida nake ɗebo nawa: matata da ƙona girki, maƙwabcina da motarsa mai son turi. Ɗalibai su yi ta dariya, darasi ya zauna. Shekara biyu da suka wuce na buga takardar atisaye a kan yadda Bature ke faɗin abin da aka riga aka gama, da abin da aka fara tuntuni har yanzu ana kai. Jimla goma ce, kowace da gurbin cikewa. Duk shekara sai in kai a yi mini fotokwafi in raba, ban ƙara karanta ta ba.

Da yamma ina koyar da manya a wata firamare, inda magidanta ke zama a bencin yara, gwiwa na gogar tebur. Wata rana Yaya ya tsaya a ƙofar falo, hula a hannu, ya ce wani kamfanin haɗa sola na neman mai hannu, amma sai wanda zai iya rubuta rahoton aiki da Turanci. Ya tambaya ko akwai wuri a ajina. Ya ce kada in damu, a can Malam zai riƙa kirana. Na yi dariya na ce ya zo.

Wata uku bai yi fashi ba. A benci na biyu yake zama, kuma kowa ya san ko shi wane ne, don hancinmu ɗaya.

Ranar wata Laraba muka zo wannan darasin, na raba takarda. Dokata ita ce a bi layi, kowa ya cike jimla ɗaya, sannan ya faɗi ma'anarta da Hausa. Ta shida ta faɗa kan wata tela mai bakin tsiya. Ta karanta, ta fassara: yayana ya shekara uku yana gyaran rediyo ɗaya. Aji ya kwashe da dariya, ita kuma ta saci kallon na kusa da ita. Na duba ta bakwai, na duba wanda layi ya zo kansa.

Da na ga dama da na ce lokaci ya ƙure, ko in tsallake. Amma na tsaya riƙe da alli kamar an dasa ni, ina tsoron in na tsallake kowa zai gane, alhali kowa ya riga ya gane. Yaya ya miƙe. Ya bi kalmomin da yatsa, ya cike gurbin ba kuskure. Ban ce ya fassara ba, shi ya fassara.

“Yayana yana zaune a ɗakin bayan gidana tun da shagonsa ya mutu, kuma har yau bai sami aiki ba.”

Telar ta sunkuyar da kai tana wasa da biro.

“Daidai ne, Malam?”

“Daidai ne,” na ce.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tare muka tako gida, yana yi mini zancen tsadar batir. Matata da ta ji labari ta ce in je in ba shi haƙuri tun abin bai kwana ba. Sau uku ina zuwa ƙofarsa cikin kwanakin nan. Sau ukun ina ɓigewa da tambayar ko fankar ɗakin na aiki. Mai koya wa mutane magana, ga shi kalma biyu sun gagare ni.

Aikin gida da na bayar shi ne kowa ya rubuto jimla biyar a kan rayuwarsa. Ranar Litinin na karɓi littattafai, aji ya watse, na zauna a bencin yara ina dubawa. Nasa na fara buɗewa. Da rubutunsa manya-manya ya ce ya gyara rediyo fiye da dubu. Ya ce wata uku ke nan yana koyon Turanci. Ya ce ya sami ɗaki kusa da tasha, kuma tun Juma'a yake haɗa kaya. Ta ƙarshe, ya gama gyaran rediyon mahaifinsa.

Na bi layin nan da jan biro sau biyu ina neman kuskure, ko na sami dalilin kiransa mu zauna. Babu ko ɗaya.

Da na isa gida ɗakin a share yake, makulli a jikin ƙofa. Matata ta ce da rana ya kira mai kura ya kwashe kayansa, ya hana ta yi mini waya. Rediyon na kan teburin falo, an goge ta tas. Na murɗa, ta kama.

Ranar Laraba ya zo aji kamar kullum. Na miƙa masa littafinsa, ya dubi biyar bisa biyar, ya gode. Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofar makaranta, ba kowa sai mu biyu. Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri. Ka dawo gida.”

Ya gyara littafin a hammata, ya dube ni ba fushi a fuskarsa.

“Ai ba ƙarya ka rubuta ba,” ya ce. “Sai Litinin, Malam.”