Katifar Usta Shahata

Shekara arba'in Usta Shahata yana ɗinka wa amaren lungunmu katifa, shi kuwa a tabarma yake kwana cikin shagonsa. Tun yana ƙarami ubansa ya miƙa masa bakan shiɓa, ya girma da auduga a gira da tari a ƙirji. In an yi masa zancen aure sai ya ce baɗi. Ya kai sittin kafin Nawal mai dafa wake, bazawarar da ke hawa na uku a gidanmu, ta gaji ta aike ni in tambaye shi ko baɗin ta zo. Ya ce ta zo, aka sa rana.

Mu a Alƙahira a titi ake cusa wa katifar amarya auduga, kowa na kallo, kaurinta kuma shi ne mutuncin gida. Shahata ya ga ranarsa ce. Ya yi ta ɗura auduga yana dannawa da gwiwa. Na ce masa ta isa, ya ce me tsohuwa ta sani. Mutumin da ya san faɗin matakalar kowa a unguwa, ya manta da ta matarsa.

Ranar biki aka fara hawa da ita, a kwanar farko ta matakala katifa ta cije. Da ƙyar aka jawo ta baya. Maza suka ce a farke a rage. Shahata ya zauna a dokin ƙofa ya yi tagumi. Mai sana'ar da ya farke ɗinkinsa a gaban jama'a ranar aurensa, wace uwar amarya za ta sake nemansa?

Nawal ta leƙo daga sama. "Usta, ni fa ba a ƙasa zan kwana ba. Ko ka hawo da ita, ko ku tare a titi kai da ita."

Na sa matan gidan kowace ta kwance igiyar kwandon da take zuro wa mai burodi. Guda bakwai muka tufke. Wani kafinta ya cire ƙyauren tagar Nawal, aka ɗaure katifar, maza huɗu suka ja daga sama. Katifa tana lilo ta share shanyar maƙwabciyarmu Ummu Ragab, wadda ta zage mu har kakanni. A bakin taga ta sake cijewa. Tsohon nan ya hau da gudu yana tari, ya lanƙwasa ta daidai inda hannunsa ya san za ta yarda, ta faɗo ciki ta danne shi.

Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Kafin Juma'a uwayen amare uku sun je shagon, kowace tana son irin wadda matakala ta kasa ɗauka.